Kwaɗo ya ƙi buɗuwa? A nemi makulli, kada a ɓalle shi

A makonnin baya mun yi ta bayani a kan yadda ɗalibi zai rubuta 'yar ƙaramar manhaja da harshen Python. Yau kuma za mu tsaya a kan wata matsala da ke laɓe tana jiran duk wanda ya gama rubuta manhajarsa, ya ƙulle ta a ƙunshi ɗaya, ya miƙa wa jama'a. Za ta yi aiki sumul a kwamfutar mai ita, amma da zarar ta shiga hannun wani sai ta ƙi gaisawa da intanet. Mu ma abin ya same mu, kuma saura ƙiris mu yi masa gyaran gangar Auzinawa.

Yadda abin ya faru

A zangon karatun da ya wuce mun zauna da wasu ɗaliban ajin ƙarshe na wata sakandare a Ƙanƙara, 'yan kulob ɗin kwamfuta, muka haɗa manhajar gwajin jarrabawa. Dalilinmu a fili yake. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, kuma kowa ya san akwai ɗalibanmu da ba sa taɓa riƙe linzamin kwamfuta sai ranar da suka shiga ɗakin jarrabawa. Muka ce bari mu yi abin da yaro zai zauna ya saba da danne-danne tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun gina manhajar a kan Flask. Shi Flask da ɗan'uwansa Django ginshiƙai ne da aka tanadar wa masu gina shafukan intanet da Python. Kamar ka zo fili ne ka tarar an zuba harsashi an ɗaga ginshiƙai, kai naka shi ne jera bulo da yin rufi yadda kake so. Da muka gama sai muka ɗauko wata manhaja mai suna PyInstaller, muka dunƙule komai, da Python ɗin da Flask ɗin da tambayoyin, suka zama fayil ɗaya tal. Amfanin haka shi ne a kwafa shi a filash, a kai kowace kwamfuta, a danna ya buɗe ba tare da data ba. Sau ɗaya kawai a mako ake buƙatar intanet. Malami zai haɗa kwamfutar da wayarsa, manhajar ta tuntuɓi sabar, wato babbar kwamfutar da muka ajiye tambayoyin a kanta, ta sauko da sababbi, ta kuma aika sunayen ɗalibai da makin da kowa ya ci.

A kwamfutar ɗalibin da ya jagoranci aikin komai ya tafi daidai. Sai muka ba wani malami kwafi ya tafi da shi Faskari, muka aika wani kwafin zuwa wani shagon koyar da kwamfuta a Sabuwa. Ba a yi kwana biyu ba waya ta fara ƙara. Gwajin jarrabawar yana buɗewa, yara suna amsa tambayoyi, amma da an danna maɓallin sauko da sababbin tambayoyi sai dogon rubutun Turanci ya cika allo, manhajar ta cije.

A daren nan ɗaya daga cikin ɗaliban ya bincika a wayarsa, ya ci karo da shawarar da ta fi kowace yawo a intanet: a je layin da manhajar ke tuntuɓar sabar a ƙara rubuta verify=False. Ya ƙara, ya aika wa malamin Faskari, nan take abu ya yi aiki. Washegari ya zo yana murna ya gano magani. Mun yaba masa da ƙoƙarin bincike, sannan muka ce ya goge abin da ya ƙara. Ransa bai so ba, kuma muna jin da yawa daga cikinku ma haka za ku ji. To ga dalili.

Me kwaɗon yake tsarewa?

Idan kun lura, adireshin yawancin shafuka yanzu da https yake farawa. Wannan harafin s na ƙarshe yana nufin zancen da ke tsakaninku da shafin yana bi ne ta wata tsararriyar hanya da ake kira TLS. A da SSL ake ce mata, lokacin da kamfanin Netscape na Amurka ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1990, shi ya sa har yau sunan ya bi bakin mutane. Alamarta da aka fi sani ita ce ɗan hoton kwaɗon rufe ƙofa a gefen adireshi, ko da yake burauzar Chrome ta sauya hoton da wata alama tun 2023.

Aiki biyu wannan hanya take yi. Na farko, tana rufe saƙo ta yadda duk wanda ya tare shi a hanya ba zai ga komai ba sai tarkacen lambobi. Na biyu, tana tabbatar da cewa wanda kake magana da shi, shi ne wanda ya ce shi ne. Ku ɗauka kun liƙe ambulan da kuɗin makaranta a ciki za ku aika wa yayanku a Funtuwa. Liƙewar ta hana yaran mota leƙawa. Amma in wani ya tsaya a bakin tasha ya ce ai shi ne yayan naku, aka miƙa masa, me liƙewar ta amfana?

To yaya kwamfuta ke gane na gaskiya? Ta hanyar takardar shaida. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san yadda abin yake. Mai unguwa ya ce ya san ka, dagaci ya ce ya san mai unguwa, hakimi ya tabbatar, sannan sakatariya ta buga hatimi. Jami'in da zai karɓi takardar a wata jami'a bai san ka ba, bai san mai unguwarku ba, amma ya san hatimin ƙaramar hukuma, shi ya sa ya yarda. Haka sabar take yi. Da an tuntuɓe ta sai ta miƙo takardarta. Wata hukumar ba da shaida ta tsakiya ce ta sa wa takardar hannu, ita kuma ta tsakiyar wata babba ce ta tsaya mata. Wannan babbar ita ake kira tushe. Kowace kwamfuta da waya da burauza tana ɗauke da jerin tushen da ta amince da su. Jerin da gidauniyar Mozilla, masu burauzar Firefox, ke kula da shi yana da tushe sama da 100.

Kafin manhaja ta buɗe baki ta faɗi sirri, sai ta duba abu huɗu. Sunan da ke kan takardar ya yi daidai da adireshin da ta nema? Yau tana tsakanin ranar da aka ba da takardar da ranar da wa'adinta zai cika? Sa hannun ya jeru daga ƙasa zuwa sama ba giɓi? Kuma ya tuƙe ga wani tushe da ke cikin jerinta? In ɗaya ya faɗi sai ta ja da baya. Wannan ja da bayan shi ne abin da muka gani muka ɗauka lalacewa ce, alhali manhajar aikinta take yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da verify=False ke yi shi ne ya ce wa manhaja ta daina duba duka huɗun. Ambulan ɗin yana nan a liƙe, amma kowa ya miƙo hannu za a ba shi. A yankinmu ba sai an koya wa kowa amfanin tambayar “wane ne?” kafin a zare sakata da daddare ba. Wanda ya rubuta waɗannan kalmomi biyu ya cire wa manhajarsa wannan tambaya ce har abada, a kowace kwamfutar da kwafin ya shiga.

Kada ku ce wa zai damu da makin gwajin ɗaliban sakandare. A cikin saƙon da manhajarmu ke aikawa har da kalmar sirrin malami, kuma mun san mutane da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a imel da Facebook da komai. Abin da take saukowa da shi ma ana iya musanya shi a hanya da fayil mai cuta. Sannan ɗalibin da ya saba da wannan gajeriyar hanya yau, gobe shi ne zai rubuta manhajar asibiti ko ta biyan kuɗin makaranta, mai ɗauke da lambar NIN da lambobin wayar iyaye. Kuma shiga tsakani da takardar bogi ba tatsuniya ba ce. A 2011 an kutsa cikin kwamfutocin wata hukumar ba da shaida ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardun bogi sama da 500, ciki har da na Google. An yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane kusan 300,000, akasarinsu a Iran. Da asiri ya tonu sai masu burauza suka cire DigiNotar daga jerinsu, a watan Satumban shekarar kamfanin ya durƙushe. In har wanda ke duba takarda ana iya yaudararsa da ta bogi, ina ga wanda ya ce ba ya dubawa sam?

Ciwo na farko: an manta jerin a gida

Da muka goge gajeriyar hanyar, sai muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka karanta saƙon kuskuren a natse. Layin ƙarshe ne ke ɗauke da zancen. Cewa yake yi “Could not find a suitable TLS CA certificate bundle, invalid path”, wato manhajar ta je ɗauko jerin amintattun tushe a inda aka ce mata yake, ba ta same shi ba.

Ga yadda abin yake. Ɓangaren da manhajarmu ke amfani da shi wajen tuntuɓar sabar, mai suna requests, ba ya duba jerin da ke cikin Windows. Nasa yake ɗauka daga wani ɗan ƙunshi mai suna certifi, wanda ke ɗauke da kwafin jerin Mozilla a cikin fayil ɗaya, cacert.pem. Watanni kafin nan ɗalibinmu ya taɓa cin karo da wata matsala, sai ya rubuta adireshin wannan fayil da hannunsa a cikin manhajar, adireshin da ke nuni ga wata folda a cikin kwamfutarsa. Ya manta, mu ma ba mu lura ba. Da aka kai manhajar Faskari da Sabuwa sai ta ci gaba da neman foldar da ke Ƙanƙara. Kamar matafiyi ne ya isa shingen bincike, aka ce ina katin shaida, ya ce yana cikin aljihun rigar da ya bari a gida.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da fayil ɗin nan guda ɗaya da PyInstaller ke yi. Duk lokacin da aka danna shi, yana zazzage kayan cikinsa ne a wata foldar wucin gadi mai sabon suna, in an rufe manhajar ya share ta. Saboda haka duk adireshin da aka kafe da hannu ba zai yi aiki a wata kwamfuta ba. Gyaran layi biyu ne. Muka cire adireshin da aka rubuta da hannu, muka sa certifi.where() a madadinsa, wanda ke tambayar certifi da kansa inda fayil ɗin yake a wannan lokacin. Sannan wajen ƙulla ƙunshin muka ƙara umarnin --collect-data certifi, don mu tabbatar jerin ya shiga jaka. Galibi PyInstaller kan ɗauko shi da kansa, amma tabbatarwa ba ta cin kuɗi.

Babban laifinmu a nan shi ne ba mu gwada manhajar a wata kwamfuta ba kafin mu raba ta. Kwamfutar da aka gina manhaja a kanta ba ta iya ba da shaida a kanta, domin duk abin da aka manta sakawa a ƙunshi yana nan kwance a cikinta.

Ciwo na biyu: agogon Faskari

Muka aika sabon kwafi. Sabuwa ta ce alhamdu lillahi, tambayoyi sun sauka. Faskari kuwa ta ce har yanzu. Sai dai saƙon ya sauya. Yanzu CERTIFICATE_VERIFY_FAILED yake cewa, kuma a ƙarshen layin an rubuta “certificate is not yet valid”, wato lokacin fara aikin takardar bai yi ba tukuna. Muka ce wa malamin ya duba ƙasan allo ta hannun dama ya karanto mana kwanan wata. Ya yi dariya kafin ya faɗa, domin kwamfutar tana can baya da fiye da shekara goma.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batiri mai faɗin kwabo, lambarsa CR2032 a yawancin kwamfutocin tebur, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo idan an ɗauke wuta. Yana yin shekaru kafin ya mutu, amma kwamfutocin makarantunmu da yawa sun tsufa, wasu na hannu ne aka sayo, wasu kuma sun yi watanni a rufe a ɗaki ba a kunna su ba. In batirin ya mutu, duk lokacin da janareta ya tsaya agogo zai koma wata tsohuwar rana. Takardar da aka ba sabar ɗinmu wata biyu da suka wuce, a idon wannan kwamfuta takarda ce daga shekarun da ba a kai ba. Dole ta ƙi ta.

Malamin ya gyara kwanan wata da lokaci, ya tabbatar an zaɓi agogon Afirka ta Yamma, nan da nan tambayoyi suka sauka. Ranar kasuwa kuma aka sayo sabon batiri aka sa, don kada a riƙa maimaita gyaran kullum. Ku riƙe wannan da kyau, domin a irin wurarenmu da wuta ba ta zama, agogo ne abin dubawa na farko, ko a waya ko a kwamfuta.

Ciwo na uku: abin da ya wuce mu muna cikin shiru

Mun ɗauka mun gama, sai mai shagon Sabuwa ya kawo wani ƙorafi daban. Manhajarmu tana aiki, amma ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocinsa mai Windows 7 ta daɗe tana ƙin buɗe shafuka da yawa a burauza, tana nuna gargaɗin cewa hanyar ba amintacciya ba ce. Agogonta daidai yake. A ganinsa, tun da aka katse layukan waya a shekarun baya sabis bai dawo yadda yake ba. Lokacin da ya ambata daidai ne, amma ba sabis ne mai laifin ba.

Ku tuna watan Satumban 2021. A watan ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an fara yin haka a Zamfara, daga baya kuma aka ƙara wasu. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. A watan Disamba aka fara maido da layukan a ƙananan hukumomi 10, irin su Funtuwa da Malumfashi da Bakori, amma waɗannan ukun suna cikin waɗanda suka ƙara jira. Muna cikin wannan shiru ne, ranar Alhamis 30 ga Satumba, jajibirin bikin 'yancin kai, da misalin ƙarfe 3 na rana agogon Najeriya, wa'adin wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3 ya cika, bayan shekara 21 yana aiki.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Akwai wata hukumar ba da shaida a Amurka mai suna Let's Encrypt, wadda ba ta neman riba. Ta fara raba takardun shaida kyauta a 2015, kuma yau ɗaruruwan miliyoyin shafuka da takardarta suke aiki. Lokacin da ta fara ba wanda ya san hatiminta, sai wani tsohon kamfani mai suna IdenTrust ya tsaya mata da wancan tushe nasa. A hankali nata tushen, ISRG Root X1, wanda wa'adinsa zai kai 2035, ya shiga jerin na'urorin da ake sabunta su. Waɗanda ke sabunta na'urorinsu ba su ma san an yi wani abu a ranar ba. Amma tsofaffin na'urori da ba su karɓi sabon tushen ba, irin su iPhone masu tsarin da ke ƙasa da iOS 10 da kwamfutocin da aka kashe wa sabuntawa, sun wayi gari shafuka da dama sun zama baƙi a wurinsu. Tsofaffin wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1 an yi musu wata dabara da ta ɗaga musu ƙafa, amma ita ma ta ƙare a watan Satumban 2024. Duniya ta yi surutun abin ta gyara cikin 'yan kwanaki, mu kuwa a lokacin ko kiran waya ba ma samu, balle labari.

Masu ƙunsassun manhajoji ma sun sha wahala a wancan lokaci. Akwai wani injin ɓoye saƙo mai suna OpenSSL da manhajoji masu yawa ke ɗauke da shi a cikinsu. Tsohon samfurinsa, 1.0.2, ko da yana da sabon tushen a jerinsa, sai ya nace wa bin tsohuwar hanyar da ta mutu, ya ƙi takardar. Maganin shi ne a cire mataccen tushen daga jerin, ko a koma sabon samfuri a sake ƙulla manhajar.

A Sabuwa abin da muka yi mai sauƙi ne. Muka sa wa kwamfutar Firefox, domin ita da nata jerin take tafe, ba ta dogara da na Windows ba. Samfurinta na 115 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. Shi ya sa ma manhajarmu ta yi aiki a kwamfutar da burauzarta ta kasa, jerinta sabo ne. Amma mun gaya wa mai shagon gaskiya cewa wannan faci ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Mu kanmu da Python 3.8 muka ƙulla manhajar saboda shi ne na ƙarshe da ke hawa irin waɗannan kwamfutoci, alhali masu shi sun daina yi masa gyara tun Oktoban 2024. Mafita ta dindindin ita ce a ɗora wa tsofaffin kwamfutocin tsarin da har yanzu ake kula da shi, kuma akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da ake samu kyauta.

Darasin ga mai ƙulla manhaja shi ne, jerin da ka sa a ƙunshi ya daskare ne a ranar da ka ƙulla shi. Duniya kuwa ba ta tsaya ba, ana ƙara sababbin tushe, ana cire waɗanda suka ci amana, wasu wa'adinsu na cika. Ƙunshin manhaja kamar kwalbar magani yake, yana da ranar lalacewa ko da ba a rubuta a jikinsa ba. Mu dai mun yanke cewa farkon kowane zango za mu sabunta certifi, mu sake ƙulla manhajar, mu rubuta kwanan watan ƙullawa a shafinta na farko yadda kowane malami zai gani.

In laifin daga can ne fa?

Wani lokaci kwamfutarka lafiya lau take, sabar ce ke da matsala. Takardun Let's Encrypt kwana 90 suke yi, shi ya sa ake saita sabar ta riƙa sabunta su da kanta. In wannan saiti ya tsaya ba a lura ba, ranar da wa'adi ya cika kowa zai ga “certificate has expired”. Kuma wa'adin takardu raguwa yake ta yi. A watan Afrilun 2025 masu burauza da hukumomin ba da shaida sun amince a riƙa rage shi mataki-mataki har ya dawo kwana 47 a shekarar 2029. Wanda ke sabuntawa da hannu yana da aiki a gabansa.

Akwai kuma wata mai rikitarwa: burauza ta buɗe shafin lafiya, amma manhajarka ta ce “unable to get local issuer certificate”. Sau da yawa dalilin shi ne sabar tana miƙo takardarta ita kaɗai, ba ta haɗo da ta hukumar tsakiya ba. Ga sa hannun mai unguwa, ga hatimin sakatariya an sani, amma babu na dagaci a tsakani. Burauza takan cike giɓin da kanta, Python kuwa ba ya yi. In da Let's Encrypt kuke aiki, ku tabbatar fayil ɗin fullchain.pem kuka nuna wa sabar, ba cert.pem ba. Haka kuma wasu manhajojin kashe cutar kwamfuta kan shiga tsakani su miƙo tasu takardar, sannan wayfay ɗin da ke neman a shiga da kalmar sirri a wani shafi kan tare hanya kafin a shiga. Duka biyun suna jawo irin wannan saƙo.

Matakan da za ku bi

1. Ku karanta saƙon kuskuren har layin ƙarshe, ku ɗauki hotonsa. Can ne ake faɗin ainihin ciwon.

2. Ku duba kwanan wata da lokaci da shiyyar agogo.

3. Ku buɗe adireshin sabar a burauza, a wannan kwamfutar da kuma a wata waya mai lafiya. In ko'ina ya ƙi, laifin sabar ne. In a na'ura ɗaya ce kawai, laifin na'urar ne. In burauza ta buɗe manhaja ta ƙi, ku duba jerin da ke cikin ƙunshi da kuma takardar tsakiya.

4. Ku tabbatar babu adireshin fayil da aka kafe da hannu, ku sabunta certifi, ku sake ƙullawa.

5. Ku gwada a kwamfutar da ba a taɓa sa wa Python ba kafin ku raba wa kowa.

6. Kafin ƙullawa ku binciki rubutun manhajar kaf, ku tabbatar babu verify=False da aka sa don gwaji aka manta.

Ku da ba ku rubuta manhaja, wannan zance ya shafe ku ku ma. Ranar da kuka je shagon intanet duba sakamakon WAEC ko NECO, ko cike fom ɗin JAMB, burauza ta nuna jan gargaɗi, za ku ga wani ɗan rubutu a ƙasa da ke ba da damar a ci gaba duk da haka. Danna shi daidai yake da abin da ɗalibinmu ya yi a daren nan. Kada ku shigar da lambar katinku ko kalmar sirrinku a shafin da aka shiga ta wannan ƙofa. Ku roƙi mai shago cikin ladabi ya duba agogon kwamfutar, in bai gyaru ba ku koma wata. Sauri ya haifi nawa.

Shi kuwa ɗalibin namu, yanzu shi ne ke riƙe da littafin da muke rubuta ranar ƙulla kowane kwafi da inda aka kai shi, kuma shi ya fara gano cewa wata kwamfuta a makarantarsu ma agogonta ya koma baya.

Aikin wannan mako

Ku buɗe shafin da kuka fi ziyarta, ku danna alamar da ke gefen adireshi, ku nemo takardar shaidarsa. Ku rubuta abu uku: wace hukuma ce ta ba da ita, yaushe ta fara aiki, yaushe wa'adinta zai cika. Sannan ku nemi izinin malamin kwamfuta ku zagaya ɗakin kwamfutar makarantarku, ku ƙirga guda nawa ne agogonsu ba daidai ba. Ku aiko mana da abin da kuka samu tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga amsoshin da suka fi tsari. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana kalmomin sirri a cikin manhaja ba tare da an bar su a fili ba. A yi karatu lafiya.